Ko Ya Dace Ƙasa Ta Mayar da Ingilishi Harshen Hukuma? Tambayoyi da Amsoshi

A cikin wata guda, Maris na 2025, ƙasashe biyu da ba su yi kama da juna ba suka taɓo wannan batu. Ranar 1 ga wata shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ayyana Ingilishi a matsayin harshen hukumar ƙasarsa. Kafin watan ya ƙare, Nijar ta fitar da sabon kundin da ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin. "Ingilishi" za mu riƙa cewa maimakon "Turanci", domin a Maraɗi ko Damagaram idan aka ce wane ya iya Turanci, sau da yawa Faransanci ake nufi.

Me ake nufi da harshen hukuma? Ɗaya yake da harshen ƙasa?

Ba ɗaya ba ne, kuma rabin gardamar da ake yi daga cakuɗa su take tasowa. Harshen hukuma shi ne wanda gwamnati ke rubuta doka da shi, kotu ke ajiye bayanan shari'a da shi, ake buga fom da takardar haihuwa da takardar fili da shi. Harshen ƙasa girmamawa ce: ana nuna cewa wannan harshe na 'yan ƙasa ne, alamar su ce, ko da ba a rubuta doka ko ɗaya da shi ba. Akwai harshen aiki, wanda ma'aikata ke rubuta wasiƙa da rahoto da shi a ofis. Sai na huɗu, harshen koyarwa, wanda malami ke koyar da lissafi da kimiyya da shi a aji.

Ƙasa tana iya ba Ingilishi ɗaya daga cikin waɗannan kujeru huɗu ta hana shi sauran. Aljeriya ta shigar da shi firamare a 2022 a matsayin darasi, amma harsunan hukumarta suna nan Larabci da Tamazight. Don haka duk wanda ya ce "a mayar da Ingilishi harshen hukuma", abu na farko da za a tambaye shi: a kotu, a aji, a asibiti, ko a takardar zaɓe?

Ashe da can Ingilishi ba shi ne harshen hukumar Amurka ba?

A aikace shi ne, a rubuce ba shi ba ne. Kundin tsarin mulkin Amurka da Ingilishi aka rubuta shi, amma bai ambaci harshen hukuma ba. Birtaniya ma ba ta da wata doka guda da ta naɗa Ingilishi. Harshen Welsh ne ma ya samu irin wannan matsayi a rubuce a yankin Wales a 2011. Inda harshe ya riga ya mamaye komai, ba a cika damuwa da rubuta shi a doka ba.

A Amurka an daɗe ana neman a rubuta. A 1981 Sanata S. I. Hayakawa na Kalifoniya ya kawo ƙudirin gyaran tsarin mulki, bai wuce ba. A 1996 Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙudirin, ya maƙale a Majalisar Dattawa. Jihohi dai sun yi nasu: kusan 30 daga cikin 50 suna da doka ko sashen tsarin mulki da ya ayyana Ingilishi. Nebraska tun 1920 ta yi. Hawayi ta haɗa shi da harshen mutanenta na asali a 1978.

To me umarnin 2025 ya canza a zahiri?

Bai kai yadda aka yi ta yaɗawa ba, amma ba fanko ba ne. Babban abin da ya yi shi ne soke umarnin da Bill Clinton ya bayar a watan Agusta na 2000, wanda ya wajabta wa hukumomin tarayya da duk wata cibiya mai karɓar kuɗin tarayya su tanadi hanyar taimaka wa wanda bai iya Ingilishi sosai ba. Sabon umarnin bai haramta fassara ba. Ya bar wa shugaban kowace hukuma ya ga dama ya ci gaba, ya ga dama ya rage. Abin da a da yake wajibi ya koma ganin dama, kuma duk abin da ya koma ganin dama shi ake fara yankewa ranar da kasafin kuɗi ya yi ƙaranci.

Akwai kuma inda hannunsa ba ya kai wa, domin umarnin shugaban ƙasa ba ya goge dokar majalisa. Dokar 'yancin zaɓe, a gyaran da aka yi mata a 1975 da waɗanda suka biyo baya, ta tilasta wa gunduma ta buga takardun zaɓe da wani harshe daga cikin waɗanda ta lissafa idan masu wannan harshe da suka isa zaɓe, waɗanda ba su iya Ingilishi sosai ba, sun haura 10,000 ko kashi 5 cikin ɗari na masu zaɓen wurin, tare da wani sharaɗi na yawan marasa karatu. Dokar tafintoci ta 1978 ma tana nan a kotunan tarayya. Sannan shugaban da zai zo nan gaba yana iya soke umarnin da alƙalami ɗaya, kamar yadda aka soke na Clinton.

Wace hujja masu goyon baya suke da ita?

Hujjojinsu ba na banza ba ne. Suna cewa ƙasa mai harsuna barkatai tana buƙatar guda ɗaya da kowa zai haɗu a kansa. Cewa buga kowace takarda da harshe goma ɓarnar kuɗi ce. Cewa baƙon da ya iya Ingilishi ya fi samun aiki mai tsoka. Kuma a Afirka da Asiya ana ƙara cewa Ingilishi ba na kowace ƙabila ba ne, don haka ba wanda zai ce an ɗora masa harshen maƙwabcinsa. Wannan ta ƙarshen ita ce mai ƙarfi, za mu dawo kanta. Inda suke tuntuɓe shi ne zaton da suke yi cewa ayyana harshe zai sa mutane su iya shi.

Ba zai sa mutane su dage su koya ba?

Doka ba ta koyar da harshe. Malami ne ke koyarwa, da littafi, da lokaci, da kuma buƙata. A Amurka kimanin kashi 78 cikin ɗari na mutane Ingilishi kaɗai suke yi a gida, kuma mafi yawan sauran sun iya shi. An daɗe da lura da yadda abin ke tafiya a gidajen baƙi: kaka tana fama da harshen da ta zo da shi, 'ya'yanta suna yin biyu, jikoki kuma da ƙyar suke iya gaisuwa da harshen kakarsu. Wannan ya faru da Jamusawa da Italiyawa tun ba a ayyana harshen hukuma a tarayya ba. Shi kansa zama ɗan ƙasa, tun 1906 aka sa sharaɗin iya magana da Ingilishi.

A gefe guda kuma ga Najeriya, Laberiya da Saliyo, inda aka shafe shekaru aru-aru ana mulki da Ingilishi, amma har gobe akwai miliyoyin da ba za su iya karanta takardar da suka dangwala wa hannu ba.

A Najeriya ina aka rubuta cewa Ingilishi ne harshen hukuma?

Babu sashen da ya faɗi haka kai tsaye. Sashe na 55 na kundin 1999 cewa ya yi za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Wannan magana tun kundin 1979 take nan, kuma "tanadin da ya dace" har yau ana jiran sa. Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi damar ƙara wani harshen da ake yi a jihar idan sun zartar da ƙudiri. Majalisar Legas ta ware ranar Alhamis tana zama da Yarbanci.

Ƙarfin Ingilishi a Najeriya a wasu wurare yake ɓoye. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Ingilishi, ko da Larabci ko Hausa mutum zai karanta. A jarrabawar JAMB darasin Ingilishi dole ne ga kowa. Manyan kotuna da shi suke aiki. Hatta sashe na 318, wurin bayanin abin da zai iya tsayawa a madadin takardar sakandare ga ɗan takara, ya ambaci iya karatu da rubutu da magana da Ingilishi yadda hukumar zaɓe za ta gamsu. Harshe yana iya riƙe ƙofofin ƙasa gaba ɗaya ba tare da an taɓa kiran sa harshen hukuma ba.

A kotu, me ke faruwa da wanda bai iya harshen ba?

A nan ne ake gane nauyin abin. Tsarin mulkin Najeriya ya ba wanda aka kama haƙƙin a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, sashe na 36 kuma ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta. A takarda komai daidai.

Ga yadda yake lalacewa. A ce ana tuhumar wani mai shago da karɓar kayan sata. Doka ba ta kama mutum don kawai an samu kayan a wurinsa. Sai ya kasance ya sani, ko yana da dalilin sanin, cewa na sata ne. An karanta tuhuma da Ingilishi, jimla mai tsawo. Wanda ke tafinta, wanda sau da yawa akawun kotu ne da ba a taɓa horar da shi a kan fassara ba, sai ya gajarta: "An ce an samu kayan sata a shagonka, haka ne?" Mutum ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Gaskiya ya faɗa, a shagonsa aka same su. Abin da zai shiga littafin kotu da Ingilishi kuwa shi ne ya amsa laifi. Kalmar "da saninka" ce ta faɗi a hanya, ita ce kuma shari'ar gaba ɗaya.

Haka a ofishin 'yan sanda. Mutum ya yi bayani da Hausa, jami'i ya rubuta da Ingilishi, aka ce dangwala. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta bayanin da harshen da aka yi shi, a karanta masa, ya sa hannu, sannan a fassara a takarda daban, wanda ya fassara shi ma ya sa hannu. Kotunan Najeriya sun sha yin watsi da bayanin amsa laifi saboda ba a kira wanda ya yi tafinta ya ba da shaida ba. Kenan ba mara laifi kaɗai ke cutuwa ba, mai laifi ma yana kuɓuta ta wannan ɓaraka. Shari'ar da aka yi da Hausa a ƙaramar kotu kuma, idan aka ɗaukaka ƙara zuwa sama, sai an fassara bayananta kaf, wani jinkirin ke nan da wani kuɗin.

Batun makaranta fa? Ba gara yaro ya fara da Ingilishi tun yana ƙarami ba?

Koyon Ingilishi daban, koyo da Ingilishi daban. Yaro ɗan shekara shida yana shigowa aji ɗaya da dubban kalmomi na harshen gidansu. Idan aka koya masa haɗa baƙi da wannan harshe, abu ɗaya yake koya: yadda sauti ke zama rubutu. Idan aka fara da harshen da bai taɓa ji ba, abu uku ake ɗora masa lokaci guda: sabon harshe, karatu, da darasin kansa. Sakamakon sananne ne ga duk wanda ya taɓa leƙa ajin firamare na gwamnati. Malam ya rubuta jimla a allo, ya karanta, yara sittin suka amsa da murya ɗaya kamar waƙa. Sun haddace tsaf. A ɗauki ɗaya a tambaye shi da Hausa me ya faɗa, sai ya sunkuyar da kai. Shi ma malam, da ya ga ba a gane ba, sai ya juya ya yi bayani da Hausa, amma ranar jarrabawa takarda da Ingilishi za ta zo.

Masana koyar da harshe suna ƙiyasta cewa a irin yanayin makarantun Afirka yaro yana buƙatar shekara shida zuwa takwas yana koyon harshe na biyu a hannun malami ƙwararre kafin ya iya ɗaukar darasi da shi. An gwada wannan a gida. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ile-Ife: wasu yara aka koya musu komai da Yarbanci tsawon shekara shida, Ingilishi kuma darasi ne da ƙwararren malami ke ɗauka. Ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin kansa. A Nijar ma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai harshe biyu a Damagaram.

Ruwanda ce ta fi kowa gaggawa. Kusan kowa a ƙasar Kinyarwanda yake yi, an daɗe ana karatu da Faransanci, sai a ƙarshen 2008 gwamnati ta ce a koma Ingilishi. Shekara mai zuwa ta shiga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila. Malaman kuwa da Faransanci aka horar da mafi yawansu. Aka shiga kwasa-kwasan hutu, aka ɗauko masu taimako daga Uganda da Kenya. A 2011 aka mayar da aji ɗaya zuwa uku kan Kinyarwanda, a 2019 aka sake cewa Ingilishi daga aji ɗaya. Malesiya ta koma koyar da lissafi da kimiyya da Ingilishi a 2003, a 2009 ta sanar da janyewa, musamman saboda yaran karkara da aka bari a baya.

Najeriya ma tana cikin wannan kai-komo. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamba 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, yana danganta faɗuwa jarrabawa da koyarwa da harsunan gida. Sai dai yaran da suka shiga aji ɗaya bayan amincewa da manufar ko firamare ba su gama ba, kuma littattafai da horon malaman da take buƙata ba su kai yawancin azuzuwa ba. Kowane juyi irin wannan yana cinye littattafan da aka buga da horon da aka yi, yaran da juyin ya riska a tsakiya kuma su tashi biyu babu.

Idan ƙasa ta nace sai ta koma Ingilishi, malamai nawa da lokaci nawa take buƙata?

A yi lissafi. Ma'aunin da ƙasashen Turai ke amfani da shi ya raba iya harshe mataki shida, daga A1 zuwa C2. Wanda zai tsaya gaban aji ya koyar da darasi da harshe, ya amsa tambayar da bai shirya mata ba, bai kamata ya gaza B2 ba. Kai wa B2 daga tushe yana cin awa 500 zuwa 600 na karatu a gaban malami. Kwas ɗin hutu na mako uku, awa shida kullum, kwana biyar a mako, awa 90 ne kacal. Ko kashi ɗaya cikin biyar bai kai ba.

A ƙaddara ƙasa tana da malaman firamare 60,000. Aji na mutum 25 zai ba da aji 2,400. Idan kowane mai horarwa zai riƙe aji huɗu, ana neman ƙwararru 600 waɗanda su kansu sun wuce B2, a rarraba su har ƙauyuka, na tsawon shekara biyu ko uku, alhali malaman suna ci gaba da koyarwa da safe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin da ke aiki shi ne a fara gwada malamai a san matakin kowa, a canza harshen kwalejojin horar da malamai tukuna, a buga littattafai, sannan a shigar da sauyin aji ɗaya a kowace shekara, yana hawa tare da yaran. Wani abin da ba a cika lissafawa ba: malamin da ya ƙware a Ingilishi da kuɗin gwamnati shi ne farkon wanda makarantar kuɗi ko ƙungiyar agaji za ta ɗauke, idan albashinsa bai motsa ba.

Ba zai jawo masu zuba jari da ayyukan yi ba?

Iya Ingilishi yana jawo aiki ga mutum, wannan ba gardama. Matsayinsa a doka wani abu ne daban. Japan, Koriya ta Kudu, Sin da Jamus sun gina masana'antunsu da harsunansu. Holan da Suwidin suna cikin waɗanda suka fi iya Ingilishi a duniya, kuma ba shi suke mulki da shi ba. Darasi ne da suka koyar da kyau.  Singafo ake yawan kawowa misali, kuma gaskiya ta ci riba, amma ƙaramin tsibiri ne mai tashar jiragen ruwa, harsunan hukumarsa huɗu, ya kuma zuba kuɗi a makarantu shekara da shekaru. Mai zuba jari wutar lantarki yake fara tambaya, da tsaro, da ko kotu za ta kare yarjejeniyarsa.

Ai dai yana hana rigimar ƙabilanci?

Wani lokaci, e. Indiya ta tsara a tsarin mulkinta cewa Hindi zai karɓi ragama daga Ingilishi a 1965. Da wa'adin ya zo, Tamilawan kudu suka yi bore, aka rasa rayuka, a 1967 aka gyara doka aka bar Ingilishi ya ci gaba tare da Hindi. Har yau Kotun Ƙolin Indiya da shi take aiki. Namibiya ta zaɓe shi shi kaɗai a 1990, duk da ƙalilan ne suka tashi da shi, don guje wa harshen Afirkans da ke tuna musu mulkin wariyar launin fata. A Najeriya kowa ya san abin da zai biyo baya da za a ce Hausa, ko Yarbanci, ko Ibo ne kaɗai harshen tarayya.

Amma rigimar ba ta mutuwa, wuri take canzawa. Maimakon ƙabila da ƙabila, sai ta koma tsakanin ɗan wanda ya iya biyan makarantar kuɗi da ɗan wanda bai iya ba. Kamaru kuma ta nuna cewa rubuta harshe a kundi ba ya wadatarwa. Faransanci da Ingilishi duka harsunan hukuma ne a can, da daraja ɗaya a takarda. A Oktoba 2016 lauyoyin yankuna biyu masu Ingilishi, na Bamenda da Buea, suka shiga yajin aiki saboda ana turo musu alƙalai masu Faransanci waɗanda ba su san tsarin shari'arsu ba, wasu dokokin kasuwanci kuma ba a fassara su ba. Malamai suka bi sahu a Nuwamba. Kafin ƙarshen 2017 abin ya zama yaƙi.

Nijar ta bar Faransanci ta koma Ingilishi ke nan?

A'a. Kundin 2025 ya sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma ya ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da Ingilishi a matsayin harshen aiki, ya ɗaga Hausa, ya lissafa Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da sauransu a matsayin harsunan da ake yi a ƙasar. Mali ta yi makamancin haka a kundinta na 2023, Burkina Faso ma ta bi, ita har da sa Ingilishi cikin harsunan aiki. Amma dokokin Nijar, takardun filaye, hukunce-hukuncen kotu da manhajar makarantu da Faransanci aka tara su tun kafin 1960, alƙalai da likitoci da shi suka yi karatu. Juya wannan aikin shekaru ne, ko zuwa Hausa ko zuwa Ingilishi.

Masu cewa Ingilishi zai sauƙaƙa ciniki da Najeriya kuma su leƙa kasuwar Jibiya, ko Illela da Ƙonni, ko Maigatari, su ji da wane harshe ake cinikin shanu da wake. Inda Ingilishi zai yi wa ɗan Nijar amfani shi ne jami'a, intanet, da aiki da kamfanonin waje, kuma wannan darasi mai kyau a makaranta yake buƙata.

Idan za a rubuta irin wannan doka, me ya kamata ta ƙunsa?

Da farko a san a ina za a rubuta ta. Tsarin mulki yana da wuyar gyara idan an yi kuskure, umarnin shugaba kuma ba ya daɗewa. Dokar majalisa ce tsaka-tsaki. Sai a fayyace cewa ta shafi takardun gwamnati ne kawai, ba bakin ɗan ƙasa ba, ba shagonsa ba, ba wurin ibadarsa ba. Jihar Arizona ta Amurka ta yi wannan kuskure a 1988, da ta ce duk ma'aikacin jiha Ingilishi kaɗai zai yi a bakin aiki. Ma'anarsa, ma'aikaciyar da ta iya Sifaniyanci ba ta da ikon yi wa tsohuwar da ke gabanta bayani da shi. Kotun ƙolin jihar ta rushe dokar a 1998, sai a 2006 aka kawo wata mai sassauci.

Dole a rubuta togaciya ƙarara: shari'ar laifi, lafiya, gargaɗin ambaliya ko annoba, zaɓe, da koyar da ƙananan yara. Dole a faɗi wane kwafi ne ke da rinjaye idan fassara biyu ta saɓa. A sa wa'adi mai rana da wata, a faɗi hukumar da za ta aiwatar, a kuma ware mata kuɗi a cikin dokar kanta. Duk inda aka rubuta "idan an yi tanadi" ba tare da rana ba, a duba sashe na 55 na Najeriya a ga ƙarshensa. Sannan a tanadi makomar ma'aikatan da ke kan aiki: wanda ya shekara ashirin yana aiki da tsohon harshe, horar da shi za a yi ko sallama?

Me zai hana a yi harsunan hukuma da yawa kowa ya huta?

Ana yi, amma alkawari ne mai tsada, kuma kotu tana iya riƙe gwamnati da shi. Dokar da ta kafa lardin Manitoba na Kanada a 1870 ta ce a buga dokoki da Ingilishi da Faransanci. A 1890 lardin ya yi watsi da Faransanci. A 1985 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke cewa dokokin da aka yi da Ingilishi kaɗai ba su inganta ba, na shekara casa'in da ɗoriya, ta bar su suna aiki na wucin gadi har a fassara su. Afirka ta Kudu ta lissafa harsuna 11, ta ƙara maganar hannu ta kurame a 2023 suka zama 12, amma a 2017 shugabannin kotunanta suka tsayar da Ingilishi a matsayin harshen ajiye bayanan shari'a. Abin da ya fi yiwuwa ga ƙasa mara kuɗi shi ne harshe ɗaya ko biyu a tarayya, kowace jiha ko lardi kuma ta ƙara wanda mutanenta suka fi ji, kamar yadda jihohin Indiya suke yi.

Yanzu da waya ke fassara, ba a huta da tafinta ba?

Don karanta labari ko tambayar hanya, ta wadatar. A asibiti da kotu ba a dogara da ita ita kaɗai. Hausar boko ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutu, don haka "gora" ko "fari" na iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, na'ura kuma tana zaɓar wadda ta fi yawa a abin da ta koya, ba lallai wadda ake nufi ba. Ga kuma wanda ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" saboda wayarsa ba ta da ƙugiya. Kuskure tsakanin "ƙwaya biyu sau ɗaya" da "ƙwaya ɗaya sau biyu" a takardar magani ba ƙarami ba ne. Ƙa'idar da ma'aikatun fassara ke bi ita ce na'ura ta yi zubin farko, mutum ƙwararre ya gyara, wani na biyu ya duba ya sa hannu, domin idan aka samu kuskure a san wanda za a tambaya.